KAFIN A CE "A YI MATA FOMAT": TARIHIN HANYAR MAYAR DA KWAMFUTA INDA TAKE JIYA



Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Yelwa ko Gwallameji a lokacin da ɗalibai ke haɗa kundin kammala karatu, ya san wannan yanayi. Yaro zai shigo da laftof a hammata, ido ya yi ja, ya ce jiya da dare lafiya lau ya bar ta, yau da safe ta ƙi tashi. Wataƙila tana tsakiyar sabunta kanta aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya daɗe da mutuwa. Wataƙila filashin abokinsa ya soka mata. Mai gyara zai danna nan, ya danna can, ya girgiza kai ya ce, "Sai dai a yi mata fomat." Kafin la'asar kwamfuta ta dawo fes kamar sabuwa, amma babi huɗu da yaron ya yi wata biyar yana rubutawa sun tafi, da hotunan bikin yayarsa, da komai.

Mun ga wannan ya faru da 'ya'yanmu da ƙannenmu, da 'yan kasuwarmu masu lissafin bashi a kwamfuta, da malaman makaranta masu sakamakon ɗalibai. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa a cikin wannan kwamfutar akwai hanyar da za a mayar da ita yadda take jiya ko makon jiya ba tare da an share ko takarda ɗaya ba. Masu ƙera manhaja sun fi shekara talatin suna gina wannan hanya, kuma kusan kowane mataki nata wata asara ce ta haife shi. Tarihinta za mu bi a wannan rubutu, don mu san abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa.

ME AKE NUFI DA MAYARWA BAYA?

Kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da komai, ita ce ke tashe ta, ta haɗa allo da madannai da na'urar buga takarda, ta buɗe sauran manhajoji. A yawancin kwamfutocinmu sunanta Windows. Wannan babbar manhaja kullum cikin canzawa take. Yau an saka sabuwar manhaja, gobe kamfani ya turo gyara, jibi an jona sabuwar firinta an saka mata direbanta, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. Kowane canji daga cikin waɗannan zai iya zuwa da matsala.

Fataken dā idan suka ɓata hanya, ba gida suke komawa su sake ɗaura kaya daga farko ba. Zangon da suka kwana jiya suke nema, inda suka tabbata suna kan hanya, daga nan su sake ɗaukar saiti. Haka mayarwa baya take. Kwamfuta tana ajiye hoton yadda saitunanta da muhimman fayilolinta suke a wata rana da komai ke lafiya. Mu kira wannan "zango". Idan abu ya lalace, sai a koma zangon. Fomat kuwa rushe komai ne a fara daga tushe.

MATAKAN FARKO: 1993 ZUWA 1998

A zamanin da kwamfutoci ke aiki da DOS da Windows na farko-farko, wanda yake son hanyar komawa sai ya yi ta da hannunsa. Ma'aikacin da ya san abin da yake yi kan kwafe fayilolin saiti a faifai kafin ya taɓa komai. Wanda bai yi ba kuwa, in abu ya lalace sai ya ɗauko faifai ɗaya bayan ɗaya ya sake saka komai.

A shekarar 1993 kamfanin Microsoft ya fitar da Windows NT, wadda aka yi don ofisoshi da manyan ma'aikatu. A wannan zuriya ce aka san dabarar da suka kira Last Known Good Configuration, ma'ana saitin ƙarshe da aka san yana aiki. Duk lokacin da mutum ya kunna kwamfuta ya shiga lafiya, sai ta ajiye kwafin saitin direbobi da ayyukanta na wannan lokaci. Idan aka saka sabon direba ta ƙi tashi, sai a zaɓi wancan saitin. Tsofaffin masu gyaranmu ba su manta da madannin F8 ba, wanda ake ta dannawa da sauri kwamfuta na tasowa, a zamanin Windows 2000 da XP da 7.

Dabarar tana da rauni guda. Zango ɗaya tal take riƙewa, kuma da zarar mutum ya samu ya shiga, ko da kwamfutar tana ɗingishi, sai ta ɗauka komai lafiya ta rubuta sabon saitin a kan tsohon. Wanda ya yi gaggawar shiga ya rasa hanyarsa ta komawa ke nan.

A Windows 98 an ƙara wani mataki ga kwamfutocin gida. Ita takan ajiye kwafin rajista, wato babban kundin da ke ɗauke da saitunan kwamfuta, kuma tana riƙe kwafi biyar na baya-bayan nan. Mai gyara zai iya shiga baƙin allo ya rubuta umarni ya zaɓi ranar da yake so. Amma mutum nawa ne a cikin masu kwamfuta suka san wannan umarni?

2000 DA 2001: HANYA TA ZO HANNUN KOWA

A watan Satumba na 2000 aka fitar da Windows Me, wadda ta zo da System Restore. Karo na farko ke nan da mai kwamfutar gida zai ga kalanda a allo, ya zaɓi rana, ya ce a mayar da shi can. Windows Me ba ta yi farin jini ba saboda yawan maƙalewa, kuma ita kanta sabuwar dabarar ta zo da nata aibin: an gano cewa zangunan da aka ajiye bayan 8 ga Satumba 2001 ba sa mayarwa, saboda kuskure a lissafin kwanan wata, sai da kamfanin ya fitar da gyara. Mai tsaron ma sai da aka tsare shi.

Ranar 25 ga Oktoba 2001 Windows XP ta fito, kuma da ita ce System Restore ya shiga gidaje da ofisoshin duniya. XP takan ajiye zango da kanta duk awa 24, da kuma kafin a saka wasu manhajoji ko gyare-gyare. Tana iya cin kashi 12 cikin ɗari na rumbun ajiya don wannan aiki, tana kuma riƙe zango har kwana 90.

Wannan ita ce shekarar da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, a watan Agusta, kuma a shekarar ce aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. A 'yan shekarun da suka biyo baya shagunan intanet suka yawaita a Bauchi, musamman kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Da yawa daga cikinmu a kan XP muka fara riƙe linzamin kwamfuta, muka buɗe imel na farko, muka duba sakamakon jarrabawa da katin kankarewa. Wato tun ranar da kwamfuta ta zama abin yau da kullum a garinmu, hanyar komawa tana cikinta.

TO ME YA SA FOMAT TA ZAMA AL'ADA?

Bai kamata mu ɗora wa masu gyaranmu laifi duka ba, domin akwai dalilai. Na farko, zamanin filashi ne. Intanet na da tsada da nawa, don haka komai a filashi yake yawo, daga shago zuwa ofis, daga ofis zuwa ɗakin kwanan ɗalibai, ƙwayoyin cutar kwamfuta na bin sa. Kowa ya tuna wadda ke ɓoye fayiloli ta bar 'yan alamomi marasa amfani a madadinsu. Wasu ƙwayoyin sukan kashe System Restore da gangan, wasu kuma su shige cikin zangon kansa, a mayar da kwamfuta baya a dawo da cutar tare da ita. Mai gyaran da ya ga haka sau biyu sau uku sai ya daina yarda da hanyar baki ɗaya.

Na biyu, rumbun ajiya ƙarami ne a lokacin. Mutane da yawa sun riƙa kashe System Restore don su samu wurin zuba waƙoƙi da finafinai. Na uku, fomat aiki ne mai tabbas ga mai gyara. Ya san minti nawa za ta ci, ya san kuɗinta, ya san kwamfuta za ta tashi. Binciken abin da ya lalace kuwa yana iya cin yini guda, mai kaya kuma ba lallai ya biya kuɗin yinin ba.

Masu shagunan intanet da suka ƙware sun bi wata hanya dabam. Akwai manhajar Ghost, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan a tsakiyar shekarun 1990, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Da ita ake ɗaukar hoton rumbun kwamfuta gaba ɗaya a lokacin da komai ke daidai, in ta lalace a zuba hoton cikin 'yan mintuna. Akwai kuma Deep Freeze, wadda ke daskarar da kwamfuta a hali ɗaya: duk abin da kwastoma ya saka ko ya ɓata, da an kashe an kunna ya tafi. Wannan ya yi wa mai shago daɗi, amma ɗalibai nawa ne suka ajiye aikinsu a irin wannan kwamfuta, aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya goge? Ita dabarar ba ta bambance cuta da aikin mutum.

ABIN DA BA YA DAWOWA

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. System Restore saituna da fayilolin babbar manhaja yake mayarwa. Ba ya taɓa takardunmu da hotunanmu, wanda alheri ne, domin ba zai share wasiƙar da aka rubuta jiya ba. Amma wannan na nufin ba zai dawo da wadda aka goge ba. Kuma zangunan a cikin rumbun kwamfutar suke zaune. Idan rumbun ya mutu, ko aka sace laftof ɗin, ko gobara ta ci shagon, zango ya tafi tare da kayan.

Kamfanin Apple ya kalli wannan giɓi a watan Oktoba 2007, ya fitar da Time Machine, wadda ke kwafe komai, har da takardun mutum, zuwa wani rumbu na waje duk bayan awa ɗaya. Windows 8 ta zo da makamancin haka a 2012 da sunan File History. Dukkansu sharaɗinsu ɗaya: sai mutum ya sayi rumbu na biyu ya jona.

Da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015, an ƙara wata hanya. Idan aka ɗaga kwamfuta zuwa sabon zubi, tana ajiye tsohon a wata jaka mai suna Windows.old, mutum na da damar komawa. Da farko wata guda aka bayar, a 2016 aka rage zuwa kwana 10. Bayan nan jakar na gogewa da kanta. Sai dai a kwamfutoci da yawa masu Windows 10, System Restore a kashe yake zuwa, sai mai ita ya kunna da kansa. Wannan ne ya sa mutum zai je neman zango ranar da abu ya ɓaci ya tarar babu ko ɗaya.

A watan Oktoba 2018 aka ga iyakar duk waɗannan dabaru. Ranar 2 ga wata Microsoft ta saki babban sabuntawar Windows 10, cikin kwanaki kaɗan wasu suka fara kukan cewa takardunsu sun ɓace daga jakar ajiya. Kamfanin ya dakatar da rabawa, bai sake saki ba sai 13 ga Nuwamba. Waɗanda abin ya shafa sun iya komawa tsohon zubi, amma komawar ba ta dawo musu da takardun ba. Wanda ke da kwafi a wani wuri shi ya yi barci a makon nan.

RANAR DA MAGANI YA ZAMA CUTA

Manyan asarorin da suka koya wa duniya darajar hanyar komawa ba daga ɓarayin intanet suka zo ba. Daga masu tsaro suka zo.

Ranar 21 ga Afrilu 2010 kamfanin McAfee, mai manhajar kashe ƙwayoyin cuta, ya tura wa kwastomominsa sabon jerin cututtuka. A cikin jerin akwai kuskure, manhajar ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin cuta ta kama shi. Kwamfutoci suka shiga kashe kansu suna kunnawa ba tsayawa, suka kuma rasa hanyar sadarwa. Tunda ba sa iya hawa intanet, ba a iya turo musu gyara daga nesa ba, sai da ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Shekara 14 bayan nan abin ya maimaitu da girman da ba a taɓa gani ba. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wani ɗan ƙaramin fayil zuwa manhajarsa mai suna Falcon, wadda bankuna da asibitoci da kamfanonin jiragen sama ke amfani da ita. Fayil ɗin na da aibi. Kwamfutocin da suka karɓe shi suka nuna shuɗin allo, in sun sake tashi su sake faɗuwa. Kamfanin ya gane kuskuren ya janye fayil ɗin da ƙarfe 6:27, wato bayan minti 78 kacal. Duk kwamfutar da aka kunna bayan wannan lokaci ta tsira.

Amma waɗanda suka riga suka sha, sun sha. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne abin ya shafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu Windows a duniya, sai dai su ne ke riƙe da filayen jiragen sama da asibitoci. Tashar talabijin ta Sky News a Birtaniya ta ɗauke na wani lokaci. Likitoci a Ingila suka koma biro da takarda. Kamfanin jiragen Delta na Amurka ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi asarar kimanin dala miliyan 500.

Gyaran kansa ba wuya: a tada kwamfuta a yanayin da ake kira Safe Mode, a goge fayil ɗaya, a sake kunnawa. Amma sai mutum ya zauna gaban kowace kwamfuta. Waɗanda rumbunsu ke kulle da BitLocker kuma sai an kawo mabuɗi mai lamba 48, wasu ma'aikatun kuwa a cikin kwamfutocin da suka faɗi suka adana mabuɗan. Janyewar minti 78 ta zama aikin kwanaki. Bayan wannan ne Microsoft ta sanar da wata sabuwar dabara ga Windows 11, wadda za ta sa kwamfutar da ta kasa tashi ta nemi gyara ta intanet da kanta.

A GIDA NAJERIYA: JAMB TA 2025

Kada mu ɗauka wannan labarin Turai da Amurka ne kawai. Tun 2015 jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma duk shekara muna raka 'ya'yanmu cibiyoyin jarrabawa a nan Bauchi tun da duku-duku. Makomar yaro ta rataya ga lafiyar wata kwamfuta da bai taɓa gani ba.

A watan Mayu 2025 da sakamako ya fito, sama da mutum miliyan 1.5 cikin fiye da miliyan 1.9 suka samu ƙasa da maki 200 daga 400. Iyaye da ɗalibai suka yi ta ƙorafi. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an yi kuskure, ya nemi afuwa har da hawaye. Bayanin da hukumar ta yi shi ne, an yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, amma gyaran bai shiga wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke kula da cibiyoyin Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas yadda ya kamata ba. Ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 abin ya shafa, kuma daga 16 ga Mayu aka fara sake musu jarrabawar.

Bauchi ba ta cikin wuraren da abin ya taɓa, amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ana iya mayar da kwamfuta yadda take kafin gyara, amma ba a iya mayar da yaro safiyar da ya zauna jarrabawa da karatunsa sabo a ka. Masu cibiyoyin jarrabawa da makarantu da asibitocinmu su lura: gyara ana gwada shi a kan kwamfuta ɗaya kafin a baza wa sauran, ana tabbatar ya shiga ko'ina, kuma ba a yin sa ana tsakiyar aiki sai dole.

KOMAWA BAYA BA WURIN ZAMA BA NE

Wani zai ce, to ai gara a kashe sabuntawa baki ɗaya a huta, ga tsadar data. Mun san da yawa daga cikinmu haka muke yi, kuma mai gyara ma yakan kashe mana tun a shago. Tarihi ya nuna kuɗin wannan ma. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata manhajar garkuwa da fayiloli mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000, har asibitocin gwamnati a Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ƙofar da ta bi ta shiga, Microsoft ta riga ta fitar da gyaranta tun watan Maris. Waɗanda ba su karɓi gyaran ba su aka kama. Irin waɗannan manhajoji kuma sukan fara da goge zangunan da kwamfuta ta ajiye, don kada mai ita ya samu mafita.

Wannan ne ya sa masu ƙera wayoyi suka bi hanya biyu a lokaci guda. Tun 2016 wayoyin Android da yawa suna riƙe babbar manhaja kwafi biyu, a saka sabuwa a gefe ɗaya, in ta kasa tashi waya ta koma tsohuwar da kanta. Amma idan sabuwar ta zauna lafiya, wayoyi da dama ba sa yarda a mayar da su tsohon zubi, don kada ɓarawo ya mayar da waya zamanin da take da ƙofa a buɗe. Apple ma kan rufe hanyar komawa tsohon zubi jim kaɗan bayan fitar da sabo. Masu gyaran waya sun san wayoyin da suka mutu murus garin ƙoƙarin mayar da su baya da ƙarfi.

Maganar ta shafe mu yanzu fiye da kullum. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kamar yadda ta yi wa XP a 2014 da Windows 7 a 2020. Yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, kuma da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Za a yi ta ɗaga kwamfutoci, wasu ta hanyar da ta dace, wasu ta ɓarauniyar hanya. Duk wanda zai yi, ya tuna da kwana 10 ɗin nan, kada kuma ya bari a goge masa jakar Windows.old don neman wuri kafin ya tabbata firinta da sauti da duk manhajojin aikinsa suna tafiya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Darasin da ya ratsa wannan tarihi tun daga 1993 guda ne: ba a komawa zangon da ba a yada ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da kowannenmu zai iya yi yau, ba tare da ya kashe ko sisi ba a mafi yawansu.

A wurin bincike na Windows a rubuta "Create a restore point", a duba ko kariyar tana kunne a kan rumbun C. In a kashe take a kunna, a ajiye zango na farko nan take, a kuma riƙa ajiye wani kafin a saka sabuwar manhaja ko direba.

Kada a fara babban sabuntawa sai batiri na da caji kuma ana da tabbacin wuta ko janareta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana cikin abubuwan da suka fi kai kwamfutocinmu shagon gyara.

Idan Windows 10 ko 11 ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, takan buɗe shuɗin shafin gyara da kanta. A cikinsa akwai System Restore, akwai kuma wurin cire gyaran da aka saka na ƙarshe. A gwada waɗannan tukuna.

Takardu masu muhimmanci, kundin ɗalibi, lissafin shago, rajistar makaranta, su zauna wuri biyu ko uku: a kwamfuta, a filashi ko rumbun waje da ba ya kwana a jone, da kuma imel ko ma'ajiyar intanet. Ɗalibi ya tura wa kansa kowane babi ta imel ranar da ya gama shi.

Wanda laftof ɗinsa ke da BitLocker ya nemo lambobin nan 48 ya rubuta a takarda ya adana a gida.

Idan kuma aka kai ga shagon gyara, a tambayi mai gyara cikin mutunci: "Malam, an gwada mayar da ita baya? In fomat ɗin ta zama dole, a fara kwashe min kayana." Ko kwamfuta ba ta tashi, galibi ana iya ciro fayiloli daga rumbunta matuƙar bai mutu ba. Mu kuma masu kaya mu yarda mu biya kuɗin wannan ƙarin aiki, domin lokacin mai gyara ne. Ga 'yan uwanmu masu sana'ar, muna roƙo wannan tambaya ta riƙa fitowa daga bakinku tun kafin a yi muku ita, ku kuma koya wa yaran shago haka.

Wanda ya karanta, ya duba kwamfutarsa yau, ya kuma duba ta ɗalibin da ke gidansu kafin lokacin haɗa kundi ya zo. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da wahalarmu.